Addu'ar Fasto Verlon a Majalisa

Ko ka sha gabansa a hanya ba za ka ce Verlon Tuggle fasto ba ne. Daga Litinin zuwa Asabar yana faci a garejinsa da ke Coy Springs, hannu duk baƙin mai. Sai ran Lahadi yake saka kwat ɗinsa guda ɗaya tilo ya hau mumbarin 'yar cocin Baptis ta garin. Wa'azinsa gajere ne, shi ya sa ake son sa.

Abu ɗaya ne ba ya gajarce magana a kai, wato caca. Yana ƙarami mahaifinsa ya ƙarar da gonarsu a filin tseren karnuka. Duk Juma'a uwar Verlon takan zauna a baranda tana jiran albashin da ba ya isowa gida. Maƙwabciyarsu ce ta riƙa aiko musu da wake da burodin masara, ɗanta Hollis Beasley kuma ya zama amininsa tun daga lokacin. Hollis ɗin ne yanzu dattijon cocinsa, kuma wakilinsu a majalisar dokokin jihar Alabama.

Da masaƙar safa ta garin ta rufe, aka kawo ƙudirin buɗe gidajen caca, Hollis ya goyi baya.

"Verl, wa'azi ba ya cika tukunya," in ji shi. "Matasa sun watse, saura mu da karnuka."

"Karnukan ai su suka cinye mu tun farko," in ji Verlon.

Suka yi dariya, amma kowa ya ji zafi.

To, al'adar majalisa ce kowace safiya wani wakili ya gayyato fastonsa ya buɗe zama da addu'a. Sharaɗin da kowa ya sani, ko ba a faɗa ba, shi ne baƙo ba ya taɓa siyasa. Ka roƙa musu hikima, ka ce amin, a ɗauke ku hoto. Hollis ya daɗe da sa sunan Verlon, sai ranar ta faɗo daidai da ranar ƙuri'a a kan ƙudirin cacar. Fastocin yankin suka yi ta kiran waya, wai Allah ne ya buɗe ƙofa. Verlon dai ya san in ya shiga ƙofar nan, ta kan amininsa zai taka.

A akori-kurar Hollis suka tafi Montgomery, babban birnin jihar, tare.

"Ka yi mini ta Lahadi, gajera," in ji Hollis. "Kada ka kunyata ni gaban mutane, don Allah."

Verlon ya ce, "Na ji."

Kuma da niyyar haka ya tsaya gaban majalisar. Ya roƙa wa gwamna lafiya, ya roƙa wa wakilai hikima. Sai bakinsa ya ƙi zuwa amin. Ya ce, "Ya Ubangiji, ka tuna da matar da za ta zauna a baranda ran Juma'a. Ka tuna da maƙwabciyar da za ta raba tukunyarta biyu saboda ita." Bai ambaci caca ba, bai ambaci ƙudiri ba. Yawancin wakilan ma ba su gane komai ba, suna ta duba agogo. Mutum ɗaya aka yi wa addu'ar nan, kuma ya ji ta sarai.

Da aka zo ƙuri'a Hollis ya danna a'a. Ƙudirin ya faɗi da ƙyar. A hanyar komawa gida Hollis ya kunna rediyo, bai kashe ba har ƙofar garejin.

Fastoci sun yi ta yabon Verlon, har aka kira shi ya yi jawabi a taronsu na shekara. Bai je ba. Har yau yana ganin gaskiya ya faɗa, kuma in an sake zai sake. Amma ya san cewa da zancen uwar Hollis ya kama amininsa, a gaban jama'a, a wurin da ba shi da damar ramawa, wannan kuwa yana damun sa ƙwarai.

Hollis bai bar coci ba, bai kuma taɓa tayar da zancen ba. Duk Lahadi yakan bi layi a bakin ƙofa kamar kowa, ya miƙa masa hannu ya ce, "Wa'azi ya yi kyau, Fasto Tuggle." Sannan ya wuce.