Injin da Ba Shi da Rami

Mahaifinmu shi ne mai kula da fanfon da ke shayar da garakenmu na rani a bayan garin Madarumfa. Injin da ke jan ruwan ba irin na kwance ba ne da ake gani wurin masu niƙa. A tsaye yake bisa bakin rijiyar, kamar turmin da aka kife. Kuran, wato wutar lantarki, ke juya shi, shi kuma ya juya wani dogon ƙarfe da ya nutse har wurin ruwa. Tsayayye muke ce masa. Gurnaninsa na kaiwa tsakar gidanmu, mun saba da shi har mun daina jinsa.

Shekarar da ciwo ya kama ƙafafun Baba ya kwantar da shi, injin ya ƙone, ana tsakiyar bazara. A garkarmu akwai dashen mangwaro da Baba ya yi wa aure da hannunsa, yana cewa na jikoki ne. Kullum sai ya tambaye ni ko sun yi sabon ganye.

Yayana, wanda direba ne mai jigila zuwa Jibiya, ya kafa doka: kada wanda ya gaya wa Baba, kada hankalinsa ya tashi. Na ce masa mutumin da ya tsufa yana sauraren abu ba za a ɓoye masa shirunsa ba. Amma ni ƙanwa ce, maganata ba ta wuce bakin zaure. Duk sanda Baba ya tambaya sai a ce kuran ne babu, shi kuma ya gyaɗa kai.

Masu garake suka wakilta Yaya ya tafi Kano ya sayo wani, tunda shi ya san hanya. Shi da kansa ya ba mu labari daga baya. Ya ce wa mai shago yana son inji mai tsaye. Mai shago ya tambaye shi, mai rami ko marar rami? Yaya, wanda ko tulu zai saya sai ya ɗaga shi ya duba huji, ya ce wa zai yi wannan doguwar tafiya ya koma da abu mai rami? A ba shi lafiyayye.

Ranar da aka kawo shi, a tsaye bisa amalanke, mata har da guɗa. Makanikin da aka kira daga Maraɗi ya buɗe hular injin, ya leƙa. Ashe tsayayyen iri biyu ne. Namu na da, sandar cikinsa rami gare ta kamar kara, ta nan dogon ƙarfen rijiya ke ratsawa ya fito sama a ɗaure shi. Sabon kuwa a toshe yake, ƙarfen bai da inda zai bi.

Mayar da shi ya ɗauki makonni. Muka koma ɗebo ruwa daga tafki da jarkoki a keken jaki, ni da matan gida. Ƙasar ta riƙa shanyewa tun kafin mu ɗaga jarkar. Dashen suka fara bushewa daga kai, ɗaya bayan ɗaya, ina kallo, in dawo gida in ce wa Baba suna nan lafiya.

Wata rana da la'asar ina ba shi kunu, ya riƙe hannuna.

"Ɗiyata, wanne yayanki ya sawo?"

Na ce, "Marar rami, Baba."

Ya daɗe yana kallon rufin ɗaki.

"Kalma guda ce hwa," ya ce. "Da kun tambaye ni. Ƙahwahuna sunka mutu, bakina na nan."

Bai yi faɗa ba, bai kuma sake tambayar mangwaro ba. Ya juya ya fuskanci bango. Na yi kuka ranar nan, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Mun so mu tausaya masa, sai muka cire shi daga cikin masu magana tun yana da rai.

Mai ramin ya iso bayan sadakar bakwai ɗin rasuwar Baba. Yana aiki lafiya, gurnaninsa na kaiwa tsakar gida kamar na da. Wannan kam har yau ban daina jinsa ba.