Tsohon Faifan Laftof Ɗin Baba

Shekarun baya, lokacin da gem ɗin ƙwallo ya shiga kaina har ina mafarkinsa, na tafka wani ganganci da har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Laftof ɗaya ce a gidanmu a Kara, ta marigayi mahaifina. Tsohuwa ce tukuf, kafin ta gama buɗewa ka shanye kofin kunu. Amma a cikinta hotunansa suke, da wani ɗan bidiyo da aka ɗauke shi a gona yana dariya. Lokaci-lokaci mahaifiyata kan ce in kunna mata.

Abokina ne ya zuga ni. Wai in ƙara mata ram mai sa ta sauri, in canza faifan ajiyarta da na zamani, za ta ja gem sumul. Na cusa ta a jaka ban gaya wa kowa ba, na nufi garin Gwarzo. Mai gyara ya ce, kamar yadda suka saba, in na bar masa tsohon faifan zai yi min ragi. Ni gwanin ciniki har da murmushi na amince. A wautata, ban taɓa tambayar kaina a ina hotuna suke zama ba.

Na dawo gida na kunna. Ta buɗe nan take, amma wayam, ko hoto ɗaya babu. Mahaifiyata ta ji ƙarar kunnawar daga tsakar gida.

"In ka gama, miƙo min in ga Malam."

"Inna, caji ya ƙare," na ce.

Na ari babur na koma Gwarzo. Mai gyaran ya ce abokin sana'arsa ya kwashe tsofaffin kaya zuwa shagonsa a Kabo, can ake goge su a sayar. Muka kira shi sau huɗu bai ɗaga ba. Ban san yadda na kai Kabo ba, na dai san duk addu'ar da na iya sai da na karanta a hanya.

Na tarar da mutumin da faifai biyar a kan tebur.

"Malam, uku na riga na goge. Biyu suka rage, yi fatan naka na ciki."

Ya jona na farko: waƙoƙin biki. Ya jona na biyu, ina riƙe da bakin tebur. Takardun makarantar wani ne. Ya yi iya ƙoƙarinsa a kan gogaggun har la'asar, bai dawo da komai ba.

A gida na durƙusa gaban Inna na faɗi gaskiya. Na so a ce ta zage ni, ko ta ɗaga hannu. Ba ta yi ko ɗaya ba.

Gem ɗin ma ƙin tafiya ya yi, ashe tun asali ba a ƙera laftof ɗin don haka ba. Yanzu ina da wadda ta dace, kuma ba na barin a kwance min na'ura sai na kwafe abin da ke ciki. Amma ba wannan darasin ne ya fi zama a raina ba, abin da Inna ta faɗa ne a ranar, tana kallon autarmu da take goye lokacin rasuwar:

"Ni ba zan manta fuskarsa ba. Wannan ce ban san me zan nuna mata ba ranar da ta tambaya."