Wanda Ba Ya Kiran Sunana Sai a Daji

Ranar Talata, sha huɗu ga Janairun 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran mahaifina, Malam Muttaƙa direba, a gidanmu na Illela, bayan ciwon hanta da manyan gida duk suka san da shi, ni ban sani ba. Na Allah muke, can kuma za mu tarar da kai. Wannan na yarda da shi, Baba. Amma akwai magana tsakaninmu, kuma tunda ban taɓa iya ɗaga ido na dube ka a tsakar gida ba, bari in faɗe ta a rubuce.

Kafin a ɗauke ka, Liman ya ɗaga murya daga zaure ya ce duk mai haƙƙi a kanka ya yafe. Mata suka amsa gaba ɗaya, “Mun yafe duniya da lahira.” Ni na rufe bakina. Kaka ta mintsine ni ta ce, “Ke, ubanki na fa!” Duk da haka ban yafe ba. Tun ranar abin yake zaune mini a ƙirji, don na san nauyin haƙƙi a kan wanda ya riga ya kwanta.

Ni ce Wasila, ɗiyarka ta fari, kuma duk wanda ya tashi a nan ya san kunyar ɗan fari. Ba ka kiran sunana, ba ka zama inda nake. In kana son ruwa sai ka ce da ƙanwata Hanifa, “Ce ma waccan ta kawo,” alhali ga ni tsaye. A ɗakin Kaka na girma. Ban taɓa jin haushi ba, haka na ga ana yi a kowane gida, ni ma kuma ba mai yawan magana ba ce.

Sai dai ina da abin da sauran 'yan fari ba su da shi. Kowace shekara in damina ta ja baya, kafin a koma lakwal, wato makaranta, kakan loda gero a buɗaɗɗiyar motarka ka kai wa amininka Alamin, Buzun da ke kiwon raƙuma can arewa da Tawa, mu yara kuma ka ɗora mu a kan buhuna. Inna ta yi ta mita, “Malam, ɗiyan ga ƙanana za ka kai cikin rairayi?” Kai kuwa ka ce, “Bar su su ga inda gona ta ƙare.”

Ina da shekara bakwai na bi wata 'yar akuya bayan tudun yashi. Da na waiga, babu mota, babu bukka, ko'ina iri ɗaya. Na zauna ina kuka. Can sai na ji wata murya tana tsaga dajin, “Wasila! Wasila!” Wallahi da farko ban gane taka ce ba, don ban taɓa jin sunana a bakinka ba. Ka zo a guje babu hula, ka ɗauke ni, ka zaunar da ni kan cinyarka kana cire mini ƙarangiya daga ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Daga ranar, da mun wuce Tawa sai ka tsayar da mota ka leƙo ka ce, “Wasila, dawo gaba.”

A can ka zama wani mutum daban. Kai ka koya mana sulalowa daga kan tudu a cikin farantin Inna, farantin da har yau ba ta san dalilin lotsewarsa ba. Ka nuna mana bambancin sawun ƙadangare da na kunama. Ranar da mota ta kafe a yashi, ka sa mu tono da hannu, muka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin taya, ƙaramin cikinmu Hashimu yana tura ƙyauren mota da dukan ƙarfinsa, da ta fita ka rantse shi ya fitar da ita. Ka hana mu shan nonon raƙumi da yawa, muka ƙi ji, ka wuni kana mana dariya muna zarya bayan bukka.

Da na fara karatun littattafan soyayya, a gida ɓoye su nake yi ƙarƙashin katifar Kaka. A mota kuwa kai da kanka kake cewa, “To, ba ni labarin wancan yaron, ya same ta?” In ba ka, ina tsallake wuraren da nake jin nauyi, kana tuƙi kana girgiza kai. “Shi wanga saurayi ba shi da sana'a ne? Kullum kuka!” In yi dariya har in manta ni mai kunya ce. A hanyar dawowa, da mun hango lambunan Badagishiri, sai maganarka ta fara raguwa. Ba sai ka ce komai ba. In ka tsaya shan ruwa, in sauka in koma kan buhuna. Duk shekara ina jiran waɗannan 'yan kwanaki kamar yadda ake jiran salla.

Bara da lokacin ya zo, na wanke kayana, na zaɓi littafin da zan ba ka labarinsa. Da safe sai ga Hanifa a bakin ɗakin Kaka. “Baba ya ce bana ki zauna, mota ta cika.” Na leƙa ta katanga, na ga wurin da ya rage a kan buhunan zai ɗauki mutum uku. Ba ka waiwayo ba. Na ce a raina ƙila don na girma ne, na haɗiye.

Da kuka dawo Hanifa ta ba ni labari. Ta ce ka hau da su tudu mafi tsawo kana hutawa a hanya, ka zaunar da su, ka dafa kan kowa ka sa masa albarka, ka ce su yafe maka. Su sun ɗauka wasa ne. Ni ma ban gane ba. A watannin da suka biyo baya ina ganin kana ramewa, idonka ya yi rawaya, aka ce mini shawara ce. Ni ke dama maka kunu in kai bakin ƙofa, in ji ka ce da Hanifa, “Ce mata ta aje.”

Sai ranar sadakar uku Alamin ya zo ta'aziyya, ya sa aka kira ni zaure. Daga bayan rawaninsa ya ce, “Da ya zo wurina, na tambaye shi ina babbar. Ya ce likita ya riga ya gaya mishi ciwon ba na tashi ba ne. Ya ce in ya zo da ke can, bakinshi ba ya rufuwa, sai ya faɗa miki, shi kuma ba ya iya kallon fuskarki bayan nan.” Ya zaci sanyi zan ji.

Baba, ban ji sanyi ba. Wuri ɗaya tak muke da shi a duniya inda kake ubana da baki, ka san shi ne zuwa na ƙarshe, ka bar ni a bakin katanga. Ka yi sallama da Alamin, ka yi da yaran da ba su ma fahimta ba. Ni da zan fahimta ka tura mini ƙarya a bakin ƙanwata. A littattafaina mutane kan ɓoye ciwo don tausayin wanda suke so, ina karantawa ina hawaye ina ganin abin ya yi kyau. Ba kyau gare shi. Ba ni ka tausaya wa ba, kanka ka tausaya wa. Da ka faɗa mini, da na yi kuka a can inda babu mai ganina, da na tambaye ka abubuwan da yanzu ba ni da wanda zan tambaya.

Duk da haka ban san uba irinka ba. Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata makwancinka, Ya sa ciwon da ka sha ya zama kankarar zunubi, Ya shayar da kai kamar yadda ka shayar da duk wanda ka tarar a hanya da ƙishi. Ina yi wa Kaka ta'aziyyar ɗanta, da Inna, da Hanifa da Hashimu, da Alamin, da abokan aikinka na tasha. Allah Ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Abin da na hana Liman kuwa, ga shi. Ba zan iya barci ina tunanin an tsare ka a can saboda ni ba. Duk abin da Allah zai tambaye ka a kaina, na yafe, duniya da lahira. Sauran kuma ni zan tambaye ka da bakina ranar da muka haɗu, kuma ba ta hannun Hanifa za ka amsa ba.