Ƙanina da muka ciyar kamar baƙo

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka rufe ƙanina Sidi. Allah ya jiƙansa. Ni ban yi nisa a karatu ba, rubutun nan ma sai da aka gyara mini shi, amma maganar tawa ce.

Mu dukawa ne na tsohon garin Agadas. Fata muka gada, da ita muka tashi. A cikinmu Sidi kaɗai aka sa lakwal, wato makarantar boko, ya fito makaniki, ya samu aiki a ma'adinin gawayi na Anu Araren, inda ake yin kuran, wato wutar lantarki. Can aka ba shi gida a unguwar ma'aikata. Ya taɓa gaya mini gidajen hawa-hawa ne: manya a gefe guda, leburori a wani, irinsa a tsakiya. Manyan sukan gaisa da shi a bakin aiki, amma ba su kiransa cin abinci. Leburori kuwa idan ya doso sai hira ta mutu. Na ji, na yi dariya, na ce ciwon masu albashi ne.

A gidanmu maza kwano ɗaya suke ci, tun zamanin kakanmu. Baƙo mai daraja ne kawai ake zuba wa nasa daban. Ranar da Sidi ya fara zuwa hutu da rigar Turawa, ni na ce wa matan gida, "Ku zuba wa Mushe nasa a faranti, ku sa masa cokali." Mushe, haka ake kiran ƴan boko. Rabi girmamawa ce, rabi tsokana. Ya dube ni ya ce, "Yaya, hannuna bai canza ba." Na ce, "Hannun biro ne, kada tuwonmu ya ƙona shi." Kowa ya yi dariya, shi ma ya yi. Daga nan abin ya zauna. Duk zuwansa, mu muna kan tabarma, shi yana kan kujera a gefe da farantinsa a cinya. Mutanen unguwa suna yabonmu, wai mun san darajar ɗan'uwa. Ina jin daɗin yabon.

Da Sidi zai ga Agadas ta yau, ban san me zai ce ba. Irinsa sun yi yawa: masu aikin ƙungiyoyin agaji, masu aikin biro, wato ofis, ƴan kasuwar da suka gina katanga mai tsawo. Su ma a junansu suna auna juna da lakwal ɗin da yara ke zuwa, da yaren da ake yi da su a gida. Ɗansa Gali yana cikinsu, yana unguwar Dagmanet. Yaro ne mai ladabi, ba ya ƙetare salla bai gaishe ni ba. Amma ƴaƴansa da jikokina idan sun haɗu a hanya ba su san juna ba. Abin da nake tsoro ke nan: in mutu, gidan ya zama biyu har abada.

Bana da za mu yi wa Sidi sadaka, na kira Gali, na hana a fito da kujera. Ya zo, ya durƙusa ya gaishe ni. Aka kawo kwano na matsa masa wuri. Ya ce, "Baba, a yi haƙuri, lokotoro ya hana ni mai da gishiri." Wataƙila gaskiya ne. Ya zauna a bakin tabarma, hannuwansa a kan gwiwa, har muka gama.

Da zai tafi, ya tsaya a zaure ya ce, "Baba, baɗi ni zan sa a dafa. Wane abinci mahaifina ya fi so a gidan nan?"

Na san albashin Sidi ya rufa mana asiri shekaru da yawa. Na san bai taɓa ɗaga mini murya ba. Waɗannan suna nan, ba za su goge ba. Amma na tsaya a zauren nan ina lalube a kaina, Gali yana jira da makullin mota a hannu. Sai na ce masa ya tambayi matan gida.