Shekarar da Muka Kwaso Taki Daga Gona

Ko tsufa ya ɗauke mini komai, ba na jin zai ɗauke shekarar da ƙaramar hukuma ta kawo mana gangunan zuba shara. Garinmu yana tsakanin Bakura da Talata Mafara, unguwarmu kuwa rijiya ɗaya gare ta, ita ma da bazara sai ta ƙafe. Wani ma'aikacin tsafta ne ya sauke gangunan, ya ce za a zo a auna sharar kowace unguwa, wadda ta fi kyau a awo a haƙa mata burtsatse. Ya hau babur ɗinsa ya wuce. Duk yawan surutunmu, ba wanda ya tambaye shi wane iri ne kyan.

To mu shara ba ta kwana banza a wurinmu. Toka, ƙaiƙayi, kashin awaki, duk juji suke tafiya, da rani a loda a amalanke a kai gona. Saboda haka gangunan suka zauna fayau, har wata kaza ta mayar da ɗaya ɗakin ƙwai.

Ranar wata Talata mai unguwarmu ya dawo daga kasuwar Mafara hankali a tashe, wai ya ji gangunan maƙwabtanmu sun kai rabi. Bayan la'asar ya tara mu.

"Jama'a, an wuce mu! Ganga wofi, mi za su auna? Duk wanda yak kai taki gona, shi koma shi kwaso shi."

Na ce, "Ranka shi daɗe, wanga fa taki na, ba shara ba."

Ya ce, "Malam, ruwa kaka so ko gardama?"

Na kai ƙara gida, ina zaton zan samu mai goya mini baya. Maiɗakina ta ajiye guga ta ce, "In ba ka kwaso ba, bana kai ka ɗibar ruwa." Washegari da sassafe na ɗaura shanu. Wallahi ina loda takin nan ina jin kamar hatsi nake fitarwa daga rumbu. Muka cika ganguna, muka kori kazar, muka yi tsibi a gefe har ya fi katanga tsawo.

Ranar awo mai unguwa ya sha babbar riga, mu kuma muka jeru muna murmushi. Ma'aikacin ya iso da tifa, ya toshe hanci ya ce, "Duk ku kuka tara wannan?"

Mai unguwa ya bugi ƙirji. "Mu da kanmu, yallaɓai! Kuma da saura."

Mutumin ya kalle mu ya ce, "Ai unguwar da ta fi rage shara ake nema. Tunda nake aiki ban taɓa ganin ƙazanta irin wannan ba."

Kafin mu farfaɗo an fara loda tsibin a tifa. Na bi motar da gudu, takalmi a hannu, ina ihun a tsaya, takina ne, direban kuwa ya ɗaga mini hannu, ya zaci godiya nake yi.

Burtsatse ya tafi wurin maƙwabta, mu aka ƙaro mana ganguna. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, da mun bar su wofi yadda suke, mu ne na ɗaya. Geron da na noma a shekarar ko kaka ta gaba bai kai mu ba da daɗi, maiɗakina kuma har yau unguwar maƙwabta take zuwa ɗibar ruwa, suna tambayarta ya shara.

Tun daga ranar, duk wanda ya zo mini da ma'auni, ko da rigar hukuma ya zo, sai na zaunar da shi ya faɗa mini abin da yake nema, yawa ko ƙaranci, kafin in ɗaura shanuna.