Ragowar Maganin da Ba a Zubar Ba

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina aikin jinya a ɗakin tiyata na wani asibiti a nan Jos, ba a taɓa gyara mini aiki ba. Abu guda na ɓata da hannuna, shi kuwa ba ya gyaruwa.

Ƙa'idarmu ita ce, idan likitan sa barci ya fasa kwalbar maganin kashe zafi mai ƙarfi, ya yi wa majinyaci gwargwadon bukata, to ragowar da ke cikin sirinji sai ya tsiyaye ta a wurin wanke hannu, a gaban shaida. Ni ne shaidar. Amma a tarbiyyar da na tashi a cikinta, zura wa hannun mutum ido daidai yake da kiransa ɓarawo. Don haka duk sa'ad da likita ya nufi famfo, sai in kawar da kai, in ce na shaida.

Likitan namu ɗan asalin duwatsun nan ne, mazaunin Gada Biyu, sa'an ƙanena. Allurarsa ba ta kuskure jijiya, ko da ta jariri ce.

Wata Laraba da hantsi ina neman almakashi, idona ya faɗa kansa. Ya buɗe famfo, sirinjin kuwa ya zarce aljihu. Na dakata har aka fitar da majinyaciya.

Na ce, "Likita, yau famfo bai sha komai ba."

Ya yi dariya. "Haba Baba Alhaji, yaushe ka fara gani? Na ɗauka tabaran nan ado ne."

"Naɗe hannun rigarka, in ga ko akwai sawun allura."

"Cikin sanyin Jos? So kake mura ta kashe ni?"

Bai naɗe ba. Ya zauna, dariyar ta ɗauke, ya ce, "Mutum nawa nake sa barci a wuni, ni ban samu ba? In ka kai ni wurin oga, za su karɓe takardar aikina. Yarana uku. Ka ba ni wata ɗaya, zan bari."

Na ba shi. Na kira abin rufin asiri, har na yaba wa kaina da dattaku. Wata ɗaya ya zama bakwai, ban sake tayar da maganar ba.

Ranar da abin ya auku, majinyaci na kwance a kan tebur, likitan fiɗa ya wanke hannu yana jira, likitan sa barci kuwa bai fito ba. Ni na ɓalle ƙofar ɗakin sauya tufafi, na same shi yashe a ƙasa, sirinji a gefensa. Mu da muka farfaɗo da mutane ba adadi, muka yi ta danna ƙirjinsa har azahar ta gota, bai dawo ba.

A zaman makoki, matarsa ta durƙusa ta gaishe ni a gaban mutanen cocinsu.

"Baba, kullum yana cewa kai ne ubansa a wurin aiki. Asibiti sun ce zuciya ce. Gaskiya ne?"

Na ce, "Zuciya ce, 'yata."

Ta yi mini godiya. Har yau takan aiko mini da dankali duk kaka, ina kuma karɓa.