Ranar da Ruben Ya Mayar wa Mota Fenda

Ruben Arvizu mai gyaran bodi ne a Pacoima, kuma duk kwarin San Fernando an yarda babu mai hannunsa. A masana'antar jiragen sama ya koyi bugun ƙarfe lokacin yaƙin duniya na biyu. Da aka gama yaƙin ya kafa 'yar rumfa bayan shagon taya, yana miƙar da fenda, rufin nan da ke kan taya yana tare taɓo da tsakuwa. Litinin zuwa Juma'a aikinsa ke nan: matan likitoci su goga mota a bango, shi ya lallaɓa ƙarfen da ƙaramar guduma har ya koma kamar ba a taɓa shi ba. Ranar Asabar kuwa sai ya wanke hannu, ya hau motar da ba ta da fenda ko ɗaya, ya fita neman wanda zai ce fenda na da amfani don ya fasa masa baki.

Motar ta su biyu ce, shi da Wendell Pruitt. Wendell bakanike ne, dogo, siriri kamar sanda, iyayensa daga Oklahoma suka zo da katifa a saman mota. Tsohuwar Fodi ce mai buɗaɗɗen sama, ƙirar shekarar 1932, suka tsinto a gonar lemo kaji na ƙwai a cikinta. Wendell ya ɗauki inji, Ruben ya ɗauki bodi, suka yi mata baƙin fenti. Abotar tasu ta wuce ta gareji. Wendell ne babban abokin ango ranar da Ruben ya auri Ofelia, ya tsaya a coci yana motsa baki kamar ya san addu'ar, kuma uwar Ruben ba ta taɓa dafa wake ba ta ajiye masa nasa kwanon ba.

Ƙungiyarsu ta masu tseren mota marasa fenda, Diloli ake ce mata, kuma suna da al'ada. Duk wanda zai shiga, sai ya kwance fendarsa huɗu da hannunsa, ya jefa a filin bayan shagon taya, 'yan ƙungiya su zagaye su da manyan gudumomi su yi ta jibga har su koma faranti. Daga nan a rataya masa allon ƙarfe mai hoton dila a bayan mota. Ruben, wanda fenda ce abincinsa, shi ya fi kowa ɗaga guduma a wannan fili.

Gardamar ta girmi yawancin masu yin ta. Masu fenda suna cewa mota ba fenda kamar namiji ne ya fito kasuwa da ɗan kamfai. Marasa fenda suna cewa nauyin banza ce, iska take kamawa, kuma mota mai ita ta kai kaka coci ce kawai. Ba a taɓa jin wanda hujja ta sauya wa ra'ayi ba, don haka a filin ajiye motoci na wani shagon hambaga, burodi mai nama a tsakiya, ake ƙarasa zancen. A nan ne wata Asabar wani ɗan garin Glendale, cikin masu fenda, ya leƙa motar Ruben ya tambaya yaushe za a gama haɗa ta. Ruben ya zaro sifana daga aljihun baya ya shimfiɗa masa a muƙamuƙi, haƙora suka watse a kwalta, mutumin ya durƙusa yana tara jini a tafin hannu. Abokansa suka taso, Wendell ya jingina bayansa da na Ruben, aka yi ta yi da sarƙa da kwalabe har jiniyar 'yan sanda ta raba su. Ruben ya kwana a bayan kanta yana dariya. A ganinsa ranar ya yi wa gaskiya aiki.

Wata Lahadi da rana ya ɗauki Ofelia za su busasshen tafkin da ake tsere. Ita ma tana son gudu, tana ɗaure gashinta da ɗankwali ta ce masa ya taka. An zuba sabuwar tsakuwa a wani yanki na hanyar, Ruben ya gani, bai rage wuta ba. Ofelia ta ɗan leƙo ta gefen guntun gilashin gaban motar tana nuna masa wani abu a gaba. Tayar gaba ta ɗauki dutse, bai fi ƙwallon dabino ba, ta harba mata shi a idon dama.

Ba ta ma yi ihu ba da farko. Ya dai ga kanta ya koma baya, sannan ta dafe fuska, wani ruwa mai kauri da jini suna bin tsakanin yatsunta suna sauka kan rigarta. Asibiti da nisa. Ya tuƙa da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da kanta a kafaɗarsa, tana kiran uwarta. Likita ya cire abin da ya rage na idon. Wendell ya zo da kayan aikinsa a jiki, ya ba da jini, ya zauna a baranda yana kuka kamar mace ta mutu masa.

Ruben ya rantse a bakin gadon nan cewa motar ba za ta sake taka titi tsirara ba. Bai sayi fenda ba. Ya yanko sabon ƙarfe ya buga su da hannunsa ɗaya bayan ɗaya, kuma waɗanda suka gani sun ce bai taɓa yin aiki mai kyansu ba. Sai dai abin ya faɗo a mugun lokaci. Ana cikin zancen dokar da za ta tilasta sa fenda, 'yan sanda na tare marasa ita a kowace kwana, Diloli kuwa sun yi rantsuwa gara a kwashe su duka da su sunkuya. A idonsu, duk wanda ya sa fenda a wannan shekara yaron 'yan sanda ne.

Wendell ya same shi a rumfa yana ɗaure ta ƙarshe. Ya yi magana a hankali, ya ce dutse ƙaddara ne, tun yaushe suke bin hanyar nan ba abin da ya faru, ya bari ƙurar dokar ta lafa tukuna. Ruben ya ci gaba da juya noti.

"Rabin motar nan nawa ne, mutumina," in ji Wendell.

"Rabinka yana ƙarƙashin bonet. Je ka tuɓe shi in kana so."

"Za ka sa a yi mana dariya a gari."

"Je ka gaya wa Ofelia. Ka tsaya ta gefen hagunta, ta nan take gani."

Da ya ajiye motar a gida, da wataƙila an wuce wurin. Amma Ruben ba ya iya yin abu a ɓoye. Ranar taron Asabar da la'asar ya shigo filin bayan shagon taya da fenda huɗu suna sheƙi, allon dila na reto a baya, ya faka a tsakiyar motocinsu. Harlan, shugaban ƙungiya, wani ƙato mai wuya kamar na bijimi, ya zagaya motar yana fito, ya tambaya ko kakar wa za a kai coci. Aka yi dariya. Sannan ya ce doka ɗaya ce: ko Ruben ya kwance su da hannunsa, ko a kwance masa tare da allo.

Ruben ya ce wanda ya isa ya taɓa.

Na farko da ya sa ƙarfen cire taya a ƙarƙashin fendar baya, Ruben ya kama gashinsa ya buga fuskarsa a ƙofar mota, hanci ya fashe. Na biyu ya sha gwiwa a ciki ya zube yana amai. Daga nan suka rufe shi. Sarƙa ta sauka a bayansa, wani ya fasa masa kwalba a kunne, suka kai shi ƙasa suna tattaka haƙarƙarinsa da takalman aiki. Yana jin ƙarar ƙarfensa ana yage shi daga bodi, fenda uku suka faɗi a ƙasa, gudumomi suka hau kansu. Saura ta gaba, ta ɓangaren dama, wadda ke kan tayar da ta harba dutsen.

Harlan ya miƙa wa Wendell babbar guduma. Ya ce tun da motar tasa ce shi ma, shi zai gama, in dai shi Dila ne. Wendell ya karɓa. Wataƙila ya yi tunanin bugu ɗaya zai sa a ƙyale abokinsa a daina dukansa. Ya rufe ido ya ɗaga. Ruben, da ya rarrafo ta ƙarƙashin ƙafafu ba wanda ya lura, ya miƙa hannun dama ya shimfiɗa shi a kan fendar.

Duk wanda ke wurin ya ji ƙarar, kuma ba ta ƙarfe ba ce. Hannun ya baje, ƙasusuwa suka huda fata suka fito. Diloli suka fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya, kowa na neman makullin motarsa, Harlan ne kan gaba. Wendell ne ya ɗauki Ruben ya kai shi asibiti, Ruben na cije da kwalar rigarsa, bai dube shi ba ko sau ɗaya.

Likitoci sun ceci hannun, amma yatsun sun ƙame, ko cokali ba sa riƙewa. Rumfar ta rufe. Ruben ya koma sayar da kayan mota a wani shago, yana nuna wa yara inda kaya suke da haɓa. Ofelia ta shiga aikin ɗinki, ta saba da idon gilashi, ba ta taɓa ɗaga masa maganar ba, wannan kuwa ya fi masa zafi da a ce ta zage shi. Wendell ya fita daga ƙungiya. Ya aiko uwar Ruben, ya aiko limamin coci, ya zo da kansa ya tsaya a ƙofa har rana ta faɗi. Ba a buɗe ba.

Wata safiya Ruben ya fito tsakar gida ya tarar da Wendell ya tsallako katanga. Ya rame, idanunsa sun faɗa. Ya jawo tsohuwar uwar maƙerar da Ruben ke bugun ƙarfe a kai zuwa tsakiyar fili, ya durƙusa, ya ɗora hannunsa na dama a kai, ya tura guduma da na hagu.

"Rama, ɗan'uwa. Don Allah rama. Ba na barci."

Ruben ya ɗauki gudumar da hagu. Ya gwada nauyinta. Ya dubi hannun nan mai baƙin mai a farata, hannun da ya haɗa injinsu. Zuciyarsa ta so bugun, ta so shi ƙwarai. Ofelia na tsaye a ƙofar kicin tana kallonsu. Ruben ya jingina gudumar da bango.

"In na buga, ka biya ke nan," ya ce. "Ni kuwa ba na so ka biya. Tashi ka tafi da hannunka."

Wendell ya roƙe shi, har da rungumar ƙafa. Ruben ya zare ƙafarsa ya shiga ɗaki.

Sun tsufa a unguwa ɗaya, suna sayen burodi a shago ɗaya. Wendell ya ci gaba da kanikanci da hannuwansa biyu lafiyayyu, amma bai sake haɗa injin tsere ba. In suka yi kiciɓis a titi, sai ya tura hannun damansa a aljihu kamar wanda ya sato shi. Ruben yana gani, yana kuma jin kewarsa har cikin ƙashi, amma ya riga ya zaɓa. Haka ya riƙa wuce shi har ranar da aka binne Wendell.